Kai ne maigida, kai ne yaro: Lissafin shekara na dillalan waya a Zongon Lome

Duk wanda ya saba zama a Zongon Lome ya san cewa da zarar watan Sha'aban ya raba, hirar majalisa takan sauya. Bayan sallar la'asar, maimakon labarin farashin turmin atamfa ko na manyan motocin da suka maƙale a Sinkase, sai ka ji ana tambayar nawa nisabi ya kama bana, wane ne ya biya, wane ne kuma ya daina ɗaukar waya. Lokacin lissafin shekara ya zo ke nan. Manyan alhazai sukan rufe shago da wuri, su zauna da yaransu da malamin da ke riƙe musu littafi, a ƙidaya kaya dila-dila, a bi bashi suna bayan suna, har a gano abin da shekara ta bari.

To amma a 'yan shekarun nan an samu wani sabon rukuni na 'yan kasuwa a unguwar, waɗanda ba su da shagon da za su rufe, ba su da yaron da za su kira, ba su kuma da malamin littafi. Jarinsu shi ne wayar hannu da kyamararta. Da safe saurayi zai hau babur ɗin zemijan ya nufi filayen sayar da motoci da ke kusa da tashar jiragen ruwa, ko babbar kasuwar Asigame, ko Hejranawe wurin 'yan gwanjo. Zai ɗauki bidiyon mota ciki da waje, ya buɗe inji a ji ƙararsa, ko ya warware atamfa a gaban kyamara yana faɗin sunanta da kuɗinta da Hausa, sannan ya ɗora a WhatsApp da TikTok da Facebook. Kafin azahar wani a Maraɗi ko Agadas ko Kano ko Tamale ya gani ya yaba, ya turo kafin alƙalami ta Flooz, ko ta Mixx da muka sani da T-Money kafin a sauya masa suna a 2024, ko kuma ta hannun ɗan canji. Shi zai saya, shi zai bi takardu, shi zai nemi direba, shi zai yi ta amsa waya har kaya su sauka.

Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi, daga Aflawo zuwa Seme, daga Gaya zuwa Jibiya, sun taɓa tura wa irin waɗannan samari kuɗi, wasu ma 'ya'yansu ne ko ƙannensu. Saboda haka muka ga ya dace mu zauna mu yi musu lissafin da babu mai yi tare da su.

Yadda iyayenmu suka tsara abin

Idan ba a manta ba, ita kanta Lome iyaka ce ta haife ta. Wajen shekarar 1880 'yan kasuwa suka fara kafa rumfuna a wannan gaɓar teku don kauce wa kuɗin kwastan da Turawan Ingila suka ɗora a ɓangaren da ake kira Gana a yau, kuma Hausawa fatake na cikin waɗanda suka sauka da wuri. Jamusawa sun kafa ikonsu a 1884, suka mayar da Lome babban birni a 1897. Zongo ya daɗe a tsakiyar gari, har zuwa 1977 da gwamnati ta rushe shi ta mayar da mutanensa Togblekope, kimanin kilomita 15 arewa da gari a kan hanyar Atakpame, inda muke kira Agowe-Zongo yanzu. A tsohon wurin manyan gine-ginen banki ne suka tashi.

Wani masani Bafaranshe mai suna Michel Agier ya zauna cikin mutanen Zongo bayan tashin nan, ya fitar da littafi a 1983 a kan fataken unguwar, musamman masu harkar shanu da goro. Abin da ya fi jan hankalinsa abu ne da kowane ɗan Zongo ya sani tun yana yaro, wato matsayin maigida. Baƙo ya zo da shanu daga arewa, maigida ne zai sauke shi, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da dillali, ya ajiye masa kuɗi. Idan mahauci ya ɗauki sa bashi ya ƙi biya, wuyan maigida ne a ciki, domin shi ya tsaya. Yaran gida su ne ƙafafunsa, dillalai su ne bakinsa, shi kuma sunansa da gidansa da 'ya'yan da ya aurar a unguwa su ne jingina. Mutumin da ke da gida da iyali da surukai a wuri ɗaya ba ya tashi dare ɗaya ya ɓace.

Dillalin waya ya tattara duk waɗannan ayyuka ya ɗora wa kansa. Ribar hakan a fili take: ba ya raba la'ada da kowa, ba ya biyan hayar shago, ba ya jiran wani alhaji ya yarda kafin ya motsa. Mu ma ba mu ga laifin saurayin da ya gaji da shekara goma yana yaron shago ba a sallame shi ba. Sai dai a lokacin da ya sallami maigida, ya sallami har da mai tsaya masa da mai duba masa littafi, kuma galibi bai lura da wannan ba sai ranar da abu ya lalace.

Masu kallo ba masu saye ba ne

Abu na farko da kan ruɗi mai wannan sana'a a ƙarshen shekara shi ne lambobin da waya ke nuna masa. Zai gaya maka bidiyonsa kaza mutum dubu ɗari suka kalla, mabiyansa sun ninka na bara. Wasu ma sun sa rai cewa kallon kansa zai zama abinci, domin sun ji labarin Turawan da ke rayuwa da shi.

Labarin gaskiya ne. Akwai wani ɗan Ingila, Rick Shiels, malamin koyar da wasan golf a yankin Manchester, wasan nan na masu hali da ake buga 'yar ƙaramar ƙwallo da sanda ana bin ramuka 18, wanda muke da filayensa a Kano da Kaduna da Jos. Ya fara ɗora bidiyo a YouTube ne don ya jawo ɗalibai zuwa wurin da yake koyarwa, wato allon talla kawai ya ɗauke shi. Daga baya masu bin sa suka kai miliyoyi, bidiyon ya zama shi ne sana'ar, har ya ɗauki ma'aikata. Irinsa ƙanana suna da yawa a Turai da Amurka, mutum ɗaya da kyamara ɗaya, wasu ma duk ƙarshen shekara sukan fito su bayyana abin da suka samu da abin da suka kashe.

Amma a duba yadda kuɗin ke zuwa. Tun 2018 YouTube ya sa sharaɗin mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu kafin mai tasha ya fara cin kuɗin talla a dogon bidiyo, inda yake ba shi kashi 55 cikin ɗari ya riƙe 45, kuma ba ya turo kuɗi sai sun taru sun kai dalar Amurka 100. Nauyin kuɗin kuwa ya danganta ne da wanda ke kallo. Kamfanin da ke sayar da sandar golf da agogo mai tsada zai biya da yawa don ya shiga idon attajirin Landan. Wa zai biya haka don ya shiga idon ɗan acaɓa a Damagaram da ke kallon motar da ba zai saya ba? Saboda haka ga mai magana da Hausa daga Lome, bidiyo yana nan a matsayin da Shiels ya fara ɗaukarsa: allo ne a bakin shago. Tambayar da ta kamata a yi a ƙarshen shekara ita ce, cikin dubban nan mutum nawa ne suka turo kuɗi, kuma cikinsu nawa ne suka dawo karo na biyu. Wanda ya zauna ya ƙirga zai iya tarar da cewa mutum goma sha biyar ne suka ciyar da gidansa shekara guda, kuma rabinsu ba ta TikTok suka san shi ba, wani ne ya ba su lambarsa.

Bari mu buga misali da alƙalami, kuma muna jaddada cewa misali ne namu, kowa ya sa nasa adadin. Mu ƙaddara dillalin mota yana sayar da mota uku a wata, la'adarsa jaka 50 a kowace mota. Ga 'yan uwanmu na Najeriya, jaka a nan sefa 1,000 ce, ba naira 200 ta zamanin da ba. Mota 36 a shekara, la'ada ta kama sefa 1,800,000. Idan kowace mota ta kai miliyan uku, to sefa miliyan 108 ce ta ratsa ta hannunsa. A nan ne shaiɗan ke zama, domin wanda ya ga miliyan ɗari ta wuce ta wayarsa ba ya jin kansa talaka, kuma dangi ma ba sa ganinsa haka.

Yanzu a cire. Kuɗin data jaka 15 a wata, 180,000 ke nan. Zemijan jaka biyu a rana, kwana 300, ya kama 600,000. Waya ta faɗi ta fashe ko an fizge ta, an sayi wata 150,000. Kuɗin cire kuɗi da ɗan goron masu gadin fili da makamantansu, a ce 120,000. Sai mota ɗaya tak cikin 36 da ta isa Tawa injinta ya buga, mai ita ya tayar da hankali, aka sasanta a kan 250,000. Jimla 1,300,000. Abin da ya rage 500,000, wato bai cika jaka 42 a wata ba. Mafi ƙarancin albashi a Togo tun Janairun 2023 sefa 52,500 ne. Ashe maigidan kansa bai kai albashin mai shara a kamfani ba, ga shi ba hutu ba ranar Lahadi.

Ba muna cewa kowa haka yake ba. Akwai waɗanda suka yi gida suka yi aure da wannan sana'a, mun san su. Abin da muke cewa shi ne ba za ka san a wane layi kake ba sai ka rubuta, kuma ƙananan kuɗin nan na kullum, waɗanda ba a jin zafin fitarsu, su ne suka fi cin mutum. Babban ciwon kuma shi ne aljihu ɗaya. Kuɗin cefane, kafin alƙalamin Alhajin Maraɗi, gudummawar bikin ƙanwa da kuɗin direba duk a lamba ɗaya suke kwana. A gidan maigida na da, ko ba komai akwai yaron da zai ga an taɓa kuɗin baƙo, kuma kunyar idonsa kaɗai takan hana. Mai aiki shi kaɗai babu idon da yake jin kunya. Yakan ci uwar kuɗi yana zaton riba yake ci, ya toshe ramin wannan da kuɗin wancan, kuma muddin sababbin masu saye na shigowa ba zai gane ba. Ranar da kasuwa ta tsaya wata ɗaya, ranar asiri ke tonuwa.

Da wane kuɗi ka yi lissafin?

Mu da muke cin abinci a bakin iyaka mun san cewa riba takan narke tsakanin kuɗi da kuɗi. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 a kan yuro ɗaya, ba ta motsi sai yuron ya motsa. Dattawa dai ba su manta da Janairun 1994 ba, lokacin da aka wayi gari an raba darajarta biyu. Naira da sidi kuwa kullum a kan hanya suke.

A watan Yunin 2023 gwamnatin Najeriya ta saki naira. Kafin nan farashin hukuma wajen 460 ne a kan dalar Amurka, a kasuwar bayan fage kuma wajen 750. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ma'ana, wanda ya ba ɗan Kano kaya bashi na naira miliyan ɗaya a farkon 2023, aka biya shi cif-cif bayan shekara, a littafi ba a ci masa ko kwabo ba, amma da ya je wurin ɗan canji zai tarar kusan rabin kuɗinsa ya tafi. Sidin Gana ya yi irin wannan faɗuwa a 2022, sannan a 2025 ya juyo ya yi ƙarfi ƙwarai cikin 'yan makonni, wanda hakan ya kama waɗanda suka karɓi kaya a Akara da alkawarin biya da sidi. Ita ma harajin tura kuɗi ta waya da Gana ta ƙaƙaba a 2022 sai a 2025 aka soke ta, kuma duk tsawon lokacin tana ɗan gutsurar kowace hulɗa.

Babban ɗan kasuwa yana da hanyoyin kare kansa, yana da kaya a ƙasa biyu ko uku. Mai waya ɗaya ba shi da wannan. Kariyarsa ita ce ya zaɓi kuɗi ɗaya, wanda yake sayen kaya da shi, ya yi duk lissafinsa da shi, kuma tun ranar ciniki a faɗa a rubuta cewa bashin na sefa ne, ko da naira za a biya to a farashin ranar biya. Mun ga zumuncin shekaru ya lalace saboda rashin faɗin wannan jimla guda ɗaya a farko.

Hanya ma tana da nata kason a cikin ribar. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Annobar korona ta sa an rufe Aflawo ga matafiya tun Maris 2020, ba a buɗe ba sai 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi, ta janye shi a Fabrairun 2024, amma Nijar ta bar gadar Gaya da Malanbil a rufe a nata ɓangaren. Kayan da suka saba bi ta Kwatano suka karkato Lome, su haura fiye da kilomita 600 zuwa Sinkase, su shiga Burkina Faso, su bi ta Kaya da Dori da Tera cikin rakiyar soja kafin su ga Yamai. Ga Zongon Lome wannan ya kawo ciniki, ba mu musa ba. Sai dai motar da ke jiran ayari makonni, jarin da ke cikinta barci yake yi, kuma wanda ya saba juya kuɗinsa sau biyu a wata ya koma sau ɗaya ko ƙasa da haka. Mai kamfani yana da sakatare da zai ba masu kaya haƙuri. Mai aiki shi kaɗai shi ne zai sha zagi da tsakar dare a kan abin da ba shi da iko a kai, kuma a bidiyon gobe dole ya fito yana murmushi. A Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS, ko da yake ficewar ba ta taɓa sefa ba. Duk wanda zai yi wa mai saye alkawarin ranar saukar kaya a wannan hanya, to ya rage baki.

Bashi da zakka

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. A lissafin shekara bashi kashi uku ne, kuma haɗa su wuri ɗaya shi ne yaudarar kai mafi sauƙi. Akwai wanda ake sa ran biyansa, mai shi yana nan yana amsa waya. Akwai wanda ya yi nisa, shekara ta zagayo ana gobe ana jibi. Akwai kuma wanda ya mutu, ko da mai shi yana raye. Mutum yakan ƙi goge na ukun daga littafi saboda gogewar tana nufin amincewa da asara, sai ya riƙa ƙirga shi cikin jarinsa yana jin daɗi. Ba banza ba aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Saƙon murya a WhatsApp ya fi babu, amma yana tafiya tare da wayar.

A nan ne ma muke ganin hikimar da ke cikin zakkar kasuwanci, domin ita ce ta tilasta wa iyayenmu yin lissafi tun kafin a san akanta. Malamanmu na mazhabar Malikiyya, kamar yadda ake karantawa a Risala da Muhtasar a zaurukan Zongo, sun raba ɗan kasuwa gida biyu. Akwai mai ajiye kaya yana jiran kasuwa ta tashi, akwai kuma mai juyawa kullum, wanda ake kira mudiri. Shi mai juyawa yakan tsayar da wata ɗaya a shekara, ya yi wa kayan da ke hannunsa kuɗi a farashin ranar, ya haɗa da tsabar da yake da ita da bashin cinikin da yake sa ran karɓa, ya duba bashin da ake bin sa, idan abin ya kai nisabi, wato kimar dinari 20 ko kusan giram 85 na zinariya, ya fitar da ɗaya cikin arba'in. Kayan aiki kamar waya da babur ba sa shiga. Kuɗin mutane da aka ba shi ya sayo musu kaya ba nasa ba ne balle ya ƙirga su. Dalla-dallar hukuncin kowa ya koma ga malaminsa, amma ko wanda bai kai nisabi ba, wannan tsari ya ishe shi ya gane inda yake tsaye. A kuma tuna cewa shekarar zakka ta wata ce, kwana 354, tana gaban ta Bature da kusan kwana 11, saboda haka ba za ta yi daidai da shekarar ofishin haraji na OTR ba. Wanda ya yi rajistar sana'arsa lissafi biyu ke gabansa.

Idan wayar ta yi shiru

A Janairun 2013 gobara ta cinye babban ginin kasuwar Asigame, kwanaki kaɗan bayan ta Kara. A Disambar 2023 kuma kasuwar Agowe-Asiyeye, nan kusa da mu, ta ƙone. Bayan kaya, abin da mutane da yawa suka yi kuka a kai shi ne littattafan bashi da tsabar kuɗin da suka kwana a shago. Mun sha jin dillalan waya na cewa su wuta ba ta san inda kasuwarsu take ba. Gaskiya ne. Amma kasuwar da ake sawa a aljihun riga ita ma tana da irin tata gobarar.

A Satumbar 2017 hukumomin Togo sun katse intanet na kwanaki lokacin zanga-zanga, abin da kotun ECOWAS ta yanke a 2020 cewa ya saɓa wa doka. Ranar 4 ga Oktoban 2021 WhatsApp da Facebook suka ɗauke a duniya baki ɗaya na kusan awa shida. A Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace, ƙasashe da dama na yankinmu suka shiga duhu, ciki har da Gana da Benin inda masu saye da yawa suke. Waɗannan duk sun wuce. Wanda ba ya wucewa da sauƙi shi ne a rufe wa mutum shafi ba tare da bayani ba, ko ɗan damfara ya kira shi ya yaudare shi ya karɓi lambobi shida da aka turo masa, ya ƙwace WhatsApp ɗinsa, ya shiga karɓar kafin alƙalami da sunansa da hotonsa. Shafin da ka shekara biyar kana ginawa ba naka ba ne, aro aka ba ka, kuma mai shi yana wata ƙasa, ba shi da ofishin da za ka je ka yi sallama. Sa lambar sirri ta biyu a WhatsApp ba ya cin minti biyar. Kwafe lambobin masu sayen nan goma sha biyar a takarda ba ya cin awa ɗaya.

Sai abu na ƙarshe, wanda ba a son faɗa a majalisa. Mai aiki shi kaɗai ba shi da ranar ciwo. Zazzaɓin mako biyu yana nufin mako biyu babu bidiyo, babu la'ada, ga masu kaya na kira. Idan kuma ta Allah ta kasance, a kan babur a hanyar tashar jirgi ko a kan gado, to kasuwar gaba ɗaya tana kulle a cikin wayar da babu wanda ya san lambar buɗe ta. Matarsa ba ta san motar wa ke Sinkase ba. Mahaifinsa bai san nawa ne na marayun da aka ba shi ya juya ba. Bayan sadakar uku mutane za su fara zuwa da hotunan rasit a wayoyinsu, wasu da gaskiya wasu da ƙarya, kuma babu mai iya rarrabewa. Kuɗin da ke cikin Flooz ko Mixx ma sai magada sun yi ta zirga-zirga da takardu kafin su taɓa shi. A tsarin da, idan dillali ya faɗi, maigida na nan, gidan na nan, baƙo ya san ƙofar da zai buga.

Ba muna kira a koma zamanin da ba, hannun agogo ba ya komawa baya, kuma samarin nan sun buɗe wa Zongo kasuwar da iyayensu ba su taɓa isa ba. Shawararmu ƙarama ce. Littafi na takarda mai bango, shafi ɗaya ga kowane mai kuɗi: abin da ya turo, ranar da ya turo, abin da aka saya masa, inda kayan suke. Lamba daban ta kuɗin mutane, wadda ba a cefane da ita. Albashi tsayayye da mutum zai yanka wa kansa duk wata, kamar yadda zai yanka wa yaro. Sannan mutum ɗaya amintacce, wa ne ko mata ko limamin unguwa ko wani dattijon kasuwa, wanda ya san inda littafin yake, kuma ake zama da shi sau ɗaya a shekara a buɗe shi shafi-shafi. Ku kuma masu tura kuɗi daga Gaya da Illela da Maigatari, kuna da haƙƙin ku tambayi dillalinku tun kafin ku tura: in ban same ka ba, wa zan kira a Zongo?

Mun san inda wuyar take. Sayen littafi ba ya kai jaka ɗaya. Abin da ke da nauyi shi ne saurayin da ya shekara yana fitowa a bidiyo jingine da manyan motoci, ana kiransa Alhaji tun bai je ba, ya zauna a kan tabarma gaban yayansa ya nuna masa cewa abin da ya rage bana jaka 500 ne, kuma 200 daga ciki na wani mutumin Tawa ne da bai riga ya mayar ba.